Awa ɗaya da rabi ranar Lahadi: karatun addinin yaran Hindu a ƙetare

Ranar Lahadi da hantsi, a garuruwa irin su Edison ta jihar New Jersey a Amurka, ko unguwar Harrow ta Landan, ko Brampton ta Kanada, za ka tarar da takalman yara jere a bakin wani zaure. Wani lokaci zauren na mandir ne, wato ɗakin ibadar Hindu. Sau da yawa kuwa makarantar boko ce aka yi hayar azuzuwanta na yini guda, malama na ba da labarin Rama, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, a ƙarƙashin jadawalin da malamin lissafi ya manna ranar Juma'a. Yara su zauna a ƙasa sun harɗe ƙafafu, a ja "Om" sau uku, a rera baitocin buɗe taro, sannan a rarraba su aji-aji gwargwadon shekaru. Kafin azahar an watse, kowa da ɗan prasad a tafin hannu, wato abincin da aka gabatar a wurin ibada sannan aka raba wa jama'a.

Bahaushen da ya taɓa kai ɗansa Islamiyyar ƙarshen mako a ƙasar da ba tasa ba ya san irin wannan safiya, da irin fargabar da ke bayanta. Aƙida daban, amma matsalar ɗaya ce: yaya 'yan tsiraru za su miƙa wa 'ya'yansu abin da titi da makaranta da talabijin ba za su ba su ba? A kan wannan nake magana, ba a kan wane ne ke da gaskiya a addini ba.

A fara da lissafi, don shi ne ake yawan gudu. A ce aji na zama awa ɗaya da rabi, sau 30 a shekara bayan an cire hutun bazara da ranakun bukukuwa. Awa 45 ke nan. A cire taron buɗewa da na rufewa, da jiran masu makara, da neman yaron da ya tafi shan ruwa bai dawo ba, abin da ya rage na koyarwa bai fi awa guda a mako ba: awa 30 a shekara. Yaron da ya fara yana ɗan shekara 5 ya dage har 17, bai yi fashi ko sau ɗaya ba, ya samu awa 390. Makarantar bokon Amurka tana zama kusan kwana 180 a shekara, awa shida ko fiye a yini. Karatun addinin shekara goma sha uku bai kai rabin shekara guda ta boko ba. Wanda ke da ɗan guzuri irin wannan ba shi da damar yin facaka, kuma ra'ayina shi ne da yawa daga cikin azuzuwan nan facaka suke yi. Suna zuba lokacin a kan haddar da ba ma'ana da shirin wasan da za a nuna wa iyaye a dandamali, su bar yaro ya tafi jami'a da tambayoyin da ba wanda ya taɓa zama ya amsa masa.

A Indiya ba a saba koyon addinin Hindu a aji ba. Yaro na tsintarsa ne a bakin kakarsa, a kalandar da ke rataye a madafi, a hutun makaranta ranar biki, a ƙararrawar mandir ɗin bakin layi. Likitoci da injiniyoyin da suka kwarara Amurka bayan dokar shige da fice ta 1965 sun zo da ilmin zamani fal, amma da yawansu ba su taɓa bayyana wa kowa dalilin kunna fitila da magariba ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsu. Haka 'yan Gujarat da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, waɗanda kusan 28,000 daga cikinsu suka sauka a Birtaniya, da yawa a Leicester da arewacin Landan. Sai da 'ya'yansu suka dawo daga makaranta suna tambayar me ya sa abin bautar nan Ganesha ke da kan giwa, sannan aka gane kaka ba ta nan, titi ma ba ya taimakawa. Aka gina manyan wuraren ibada, irin na Ganesha a unguwar Flushing ta New York da aka buɗe a 1977, sannan aka ƙirƙiro ajin Lahadi, wanda ko tantama babu an ari siffarsa daga makarantar Lahadi ta cocin maƙwabta.

Yau manyan ƙungiyoyi ne ke riƙe da harkar. Chinmaya Mission, wadda almajiran Swami Chinmayananda suka kafa a 1953, tana da Bala Vihar, da manhaja tsararriya daga ajin 'yan dagaji har ƙarshen sakandare: ƙanana su fara da labaran Ramayana da Krishna da Hanuman, na tsakiya su shiga ma'anar alamomi da Mahabharata, manya su ƙare da Bhagavad Gita. BAPS ta mabiya Swaminarayan, mai babban mandir ɗin Neasden da aka buɗe a Landan a 1995, tana da zaman yara da na matasa, maza daban mata daban, da darasin harshen Gujarati da jarrabawar addini mai matakai. Hindu Swayamsevak Sangh tana da Balagokulam, mai yawan wasanni da motsa jiki. ISKCON, waɗanda aka fi sani da 'yan Hare Krishna, suna da nasu. Ga kuma ɗaruruwan ƙananan azuzuwa da iyaye uku ko huɗu suka haɗa a ɗakin ƙasan gidan wani.

Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba: kowace ƙungiya tafarkinta take koyarwa, amma a kan allo sai ta rubuta "addinin Hindu". Chinmaya na bin Advaita ta Shankara, mai cewa ran mutum da Brahman, wato tushen duk halitta, abu ɗaya ne a haƙiƙa. ISKCON na koyar da cewa Krishna ne mafi ɗaukaka, ran mutum kuwa bawansa ne har abada. Arya Samaj, da Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ba ta yarda da sanya murti, wato siffar abin bauta, a wurin ibada ba sam. Wuta take hurawa ta karanta Veda, mafi tsufan nassosin Hindu. Waɗannan ba ƙananan saɓani ba ne. Amma uba na zaɓen aji ne da nisan tuƙi da samun wurin ajiye mota.

Sakamakon yana fitowa a teburin cin abinci. Yarinya 'yar asalin Bengal ta ji a aji cewa Bahindu na ƙwarai ba ya cin nama, ta koma gida ta tarar da kifi a tukunya, kifin da kakanninta ke kai wa gidan amarya a matsayin alamar alheri. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna cewa ko a Indiya kashi 44 cikin ɗari na mabiya Hindu ne suka ce ba sa cin nama, wato ba su kai rabi ba. Ko a ɗauki Diwali. Aji zai ce biki ne na dawowar Rama birnin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, kuma haka yake a arewacin Indiya. A ƙasar Tamil kuwa nasarar Krishna a kan Narakasura ake tunawa, a tashi da asuba a shafa mai a yi wanka. A Bengal daren na abar bauta Kali ne. A Gujarat washegarinsa sabuwar shekara. Yaron da aka ba labari ɗaya a matsayin shi kaɗai ne daidai zai ɗauki waya ya yi wa kakarsa gyara. Abin da aka gina domin haɗa shi da gidansu ya zama shi ke koya masa raina gidan.

Gyaran wannan ba ya cin kobo. Malami ya saba wa bakinsa faɗin "a tafarkinmu haka muke cewa" maimakon "'yan Hindu sun yi imani da". Kafin kowane biki a ba yara aikin gida guda: kira wani tsoho a danginku, tambaye shi yadda ake yi a garinsu, me ake dafawa, wa ake ambata, ka zo mana da shi. A aji mai yara goma sha biyu za a samu amsa biyar ko shida mabambanta, kuma darasin ranar ya samu ke nan. Ƙungiyoyi ba sa son haka sosai, don manhaja mai bakin ɗaya ta fi sauƙin bugawa da rarrabawa. Makarantar Krishna Avanti ta Harrow, wadda aka buɗe a 2008 a matsayin firamaren Hindu ta farko da gwamnatin Birtaniya ke ɗaukar nauyinta, ta ci karo da wannan tun kafin ta buɗe ƙofa: sharuɗɗan da ta fara tsarawa na wane ne cikakken mai bin addini, har da barin cin nama, sun jawo suka daga wasu 'yan Hindu da suka ga za a bar su a waje, dole aka sassauta.

Sai batun hadda, inda mafi yawan lokacin ke tafiya.

Bhagavad Gita babi 18 ne, baiti 700, a harshen Sanskrit. Yawancin baitocin gaɓa 32 gare su, kashi huɗu mai takwas-takwas, shi ya sa suke zama a ƙwaƙwalwar yaro kamar waƙa. Chinmaya na shirya musabaƙar rera Gita duk shekara, a zaɓi babi ɗaya, a yanka wa kowane rukunin shekaru adadin baitocinsa. Babi na 12 da na 15 baiti ashirin-ashirin ne. Na 2 yana da 72, na 18 yana da 78. Ba na ƙin hadda. Abin da yaro ya haddace yana ɗan shekara bakwai yana nan tare da shi ranar da zai tsaya a kan gawar mahaifinsa, lokacin da ba littafi a hannu. Matsalar ita ce yadda ake yin ta a ƙetare.

Na farko, rubutun. Yaran ba su iya karanta Devanagari ba, wato rubutun da aka fi rubuta Sanskrit da shi, sai a buga musu baitocin da haruffan Turanci. Sanskrit na da sauti huɗu da Turanci ke tattarawa a "t" da "th": biyu harshe na taɓa haƙori, biyu harshe na naɗewa ya taɓa ganda, kowanne da mai fitar da iska da marar fitarwa. Haka "d". Ga kuma dogon wasali da gajere. Wanda ya san yadda rashin ƙugiya ke mayar da "ƙafa" ta zama "kafa", ko yadda boko ke rubuta garin da ake zama da garin da ake tuƙawa iri ɗaya, ya fahimci ɓarnar. Ko sunan ajin Bala Vihar ma misali ne: "bala" da dogon wasalin farko yaro ke nan, da gajere kuwa ƙarfi. Akwai tsarin rubutu mai ɗigo a ƙarƙashin harafi da layi a kan wasali da malaman jami'a ke amfani da shi, amma takardun da ake rabawa a aji galibi ba su da ɗigon, ko suna da shi ba wanda ya koya wa yaro amfaninsa. Yaro ya haddace kuskure, kuma cire kuskuren da ya zauna ya fi dasa daidai wuya. Baƙaƙen Devanagari 33 ne, wasula goma sha wani abu, kuma a jere suke bisa inda sautin ke fita, daga maƙogwaro zuwa leɓe, biyar-biyar. Minti goma a kowane zama, layi ɗaya a mako, da takardar gwaji a gida, ɗan shekara takwas zai iya harhaɗa kalma a cikin shekara guda. Haɗaɗɗun baƙaƙe su ne masu wahala, a bar su sai shekara ta biyu.

Na biyu, gaggawa. Saboda musabaƙa na tafe, sai a cusa baiti ashirin cikin wata uku, a karɓi kofi, a ɗauki hoto, kafin bazara an manta. Da za a bi shawarata, baiti goma a shekara ya isa. Kowane baiti ya ci mako uku: makon farko furuci, malami ya faɗi kashi ɗaya yara su maimaita, har a haɗa huɗun, mako na biyu a warware kalmomin, don Sanskrit na narkar da ƙarshen kalma cikin farkon ta gaba, yaro bai ma san inda ɗaya ta ƙare ba sai an raba masa, mako na uku yaro ya faɗi ma'anar da bakinsa, da harshen da yake mafarki da shi, ya kawo misali daga rayuwarsa. Minti biyar na farkon kowane zama na tilawar tsofaffin baitoci ne. Daga shekara 8 zuwa 17 baiti ɗari ke nan da ya san furucinsu da fassararsu. Iyaye za su yi gunaguni cewa ajin makwabta ya gama babi guda. A tambayi ɗan ajin makwabtan ma'anar baiti na uku.

Harshe kansa wani ƙulli ne, don harsuna uku ke rububin yaro ɗaya: Sanskrit na ibada, harshen gida irin Gujarati ko Tamil ko Telugu ko Panjabi, da Turancin da yake tunani da shi. Manyan azuzuwa da Turanci suke koyarwa, tilas ne, tunda ɗan Tamil da ɗan Gujarat ba su da wani harshen haɗi. Wasu kuma su saka Hindi a matsayin "harshenmu", abin da iyayen kudancin Indiya ba sa ji da daɗi, kuma suna da hujja. Idan lokaci bai isa duka ba, ni harshen gida zan fifita a kan nahawun Sanskrit. Mafi yawan ibadar da talakan Hindu ke yi ba da Sanskrit take ba: waƙoƙin Tevaram da Tamil suke, Hanuman Chalisa mai baiti 40 da harshen Awadhi Tulsidas ya tsara ta, waƙoƙin bhajan na mata kuwa da harshen ƙauyensu. Yaron da ya rasa harshen gida ya rasa kakarsa, wadda ita ce ɗakin karatun da babu kwafinsa. A Ingila akwai abin da ke taimakawa: ana iya zana jarrabawar sakandare ta GCSE a Gujarati, Panjabi ko Bengali. Lokacin da hukumomin jarrabawa suka so soke irin waɗannan harsuna a 2015, ƙorafin jama'a ya sa aka bar su. Matashin da ya san zaman koyon harshensa zai fito a takardar sakamako ba ya buƙatar a ja shi da igiya.

Akwai mai cewa Tirinidad ta ƙaryata wannan. 'Yan ƙwadagon kwantiragi daga Indiya sun fara sauka can a 1845 don aikin gonakin rake, jikokinsu sun kusa rasa harshen Bhojpuri gaba ɗaya, amma addinin na nan daram, da wasan Ramleela na kwaikwayon labarin Rama da zaman karanta Ramayana. Gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ya riƙe shi. Ƙauyuka ne sukutum na 'yan Hindu, kuma tun da aka kafa Sanatan Dharma Maha Sabha a 1952 ta gina firamare fiye da 40 inda yaro ke jin addu'ar safe kwana biyar a mako, bayan shekaru da dama da makarantun mishan na Kanada ne kusan kaɗai hanyar boko ga ɗan Indiya. A Mauritius, inda 'yan Hindu suka kusa rabin jama'a, ana koyar da Hindi da Tamil da Telugu da Marathi a makarantun gwamnati. Iyali ɗaya tilo a wata unguwar Texas ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Inda aka fi yin asara shi ne tsakanin shekara 12 da 14. Har zuwa nan labari da zane da waƙa na riƙe yaro. Daga nan sai ya fara jin kunya, wasan ƙwallo ya faɗo ranar Lahadi, aikin makaranta ya yi yawa, kuma abin da ya fi duka, ya fara tambaya. A Kalifoniya a aji shida ake karanta tsohuwar Indiya, yaro na ɗan shekara 11 ko 12, kuma abin da abokansa ke ɗauka daga darasin shi ne saniya da tsarin matsayi na gado. Su juyo su tambaye shi: kai wane matsayi ka gada? Ya zo ajin Lahadi da tambayar, malama ta ce wannan ba ya cikin addini, Turawa ne suka kawo, a buɗe shafi na gaba.

Wannan amsa ba ta kwana biyu a hannun matashi mai waya. Zai gano cewa rabon mutane gida huɗu da ake kira varna, wato Brahmin da Kshatriya da Vaishya da Shudra, yana cikin tsofaffin nassosi; cewa jati, ƙungiyoyin gado dubbai da ke yanke wa za ka aura, suna nan da ransu; cewa tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda B. R. Ambedkar, shi kansa Dalit, wato daga waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya jagoranci tsara shi, ya haramta ƙyamar taɓa mutum a sashe na 17 domin ana yin ta. Zai kuma gano cewa mulkin mallaka ya ƙara ƙanƙame tsarin ta hanyar ƙidaya, kuma waliyyan bhakti, tafarkin bauta ta ƙauna, irin su Ravidas da Basava sun yaƙe shi daga cikin addinin ƙarnuka kafin zuwan Bature. Duk wannan gaskiya ne a lokaci guda, kuma ɗan shekara 13 na iya ɗaukarsa. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne ya gane malamarsa ta rufe shi, don daga ranar sai ya sa alamar tambaya a kan duk abin da ta taɓa faɗa masa. Rigimar littattafan makarantun Kalifoniya ta 2005 da 2006, wadda ta sake tashi a 2016, tana da ɓangarori biyu masu nauyi: iyayen da suka ce ana nuna addininsu da munin da ba a nuna na wasu, da ƙungiyoyin Dalit da masana tarihi da suka ce gyaran da ake nema shafe tarihi ne. A 2023 birnin Seattle ya haramta wariyar matsayi na gado, a shekarar kuma gwamnan Kalifoniya ya ƙi sa hannu a irin dokar. Matashi na ganin duk wannan a wayarsa. A cikin ajin ma akwai yaron da iyayensa suka sauya sunan dangi don kada a gane asalinsu, yana zaune shiru.

Tsarin da ya fi aiki ga wannan rukuni ba shi da ado. Aji kada ya wuce mutum goma sha biyu, a zauna a da'ira. A ajiye akwati a bakin ƙofa, kowa ya jefa tambaya ba suna. Rabin lokaci na nassi, rabi na akwatin. Malami ya karanta tambayoyin tun daren Asabar, wadda ta fi ƙarfinsa ya ce zai nemo, ya kuma dawo da amsa mako mai zuwa. Tambayoyin ba sa canzawa sosai: mu Allah ɗaya muke bauta wa ko da yawa, me ya sa ake hana mai haila shiga mandir, me ya sa Rama ya kori Sita, me zan ce wa wanda ya ga alamar swastika a ƙofarmu ya kira mu 'yan Nazi, zan iya auren wanda ba Hindu ba. Kowacce tana da amsa fiye da ɗaya a cikin al'adar kanta, kuma a nan yawan tafarki ya zama dukiya. A jawo ɗaliban jami'a su riƙe irin wannan aji tare da babba, don matashi ya fi buɗe baki ga wanda ya girme shi da shekara shida, wanda shi ma an taɓa yi wa dariyar ƙunshin abincinsa a makaranta.

Iyaye kuma su karanta manhajar kafin su sa hannu, musamman ɓangaren tarihi. Hindu Swayamsevak Sangh ta ɗauki tsarinta daga RSS ta Indiya, ƙungiyar masu ra'ayin kishin ƙasa na Hindu. Iyaye da yawa wasanni da tarbiyya suka kai su, kuma suna samu. Amma a 2015 gidan talabijin na ITV ya nuna hoton ɓoye na wani mai jawabi a sansanin matasan reshenta na Birtaniya yana ɓata Musulmi, hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta bincika, a 2016 ta ce shugabannin sun gaza wajen sa ido. Bayan rikicin matasan Hindu da Musulmi a Leicester a 2022, ba wanda zai ce abin da ake faɗa wa ɗan shekara 15 game da maƙwabcinsa ƙaramin abu ne. Wannan ma'auni ya hau kan ajin kowane addini. Tambaya ɗaya ta isa gwaji: da abokin ɗanka na makaranta, Musulmi ko Kirista ko Sikh, zai zauna a bayan aji, akwai darasin da za a tsallake?

Malaman kusan duk 'yan sa-kai ne, uwa mai aikin kwamfuta ko uba mai kantin magani, suna shirya darasi daren Asabar bayan yara sun yi barci. Sun cancanci godiya, kuma sun cancanci horo, ko da yini biyu ne a farkon shekara da zaman bita sau ɗaya a wata. Sai tsaro, wanda ake jin nauyin ambatarsa wai kada a zargi mutanen kirki. ISKCON ta biya wannan darasi da tsada: a makarantun kwananta na gurukula, tun daga ta Dallas a farkon shekarun 1970, an ci zarafin yara da yawa, mujallar ƙungiyar da kanta ta wallafa binciken a 1998, tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara a 2000, aka ƙare da biyan diyyar dala miliyan 9.5. Ƙa'idojin ba su da wuya: manya biyu a kowane aji, ƙofa a buɗe ko mai gilashi, binciken tarihin duk mai hulɗa da yara kamar yadda ake yi a Ingila ta hukumar DBS, ba malamin da zai aika wa yaro saƙo shi kaɗai ko ya ɗauke shi a mota shi kaɗai, da mutum guda sananne da ake kai wa ƙorafi wanda ba ɗan'uwan shugaban mandir ba. A sansanin kwana a ninka. Rigar malanta ba ta ɗauke wa kowa wannan.

Duk da haka awa 30 awa 30 ce, sauran na gida ne. Uban da ke sauke yaro a ƙofa ya wuce kantin sayayya ya riga ya koyar da darasin ranar. Chinmaya ta gane haka, shi ya sa cibiyoyinta da yawa ke buɗe zaman manya a daidai lokacin na yara. A gida kuma ba a buƙatar malami. Ƙaramar puja, wato ibadar da ake yi a gaban abin bauta, abu biyar ce: shafa ƙullin icen sandal mai ƙamshi, fure, turare, fitila, da abinci. Minti goma ta ishe ta. Ɗan shekara biyar ya tsinko fure, ɗan takwas ya murza lagwani ya zuba man shanu a 'yar fitilar kasko, ɗan goma sha biyu ya jagoranta sau ɗaya a mako, ya ga dama ya ƙara baitin da ya koya ranar Lahadi. Minti goma kullum awa 60 ne a shekara, ninki biyu na abin da aji ke bayarwa. Wannan ya fi kuɗin da ake narkarwa a bikin arangetram, fitowar farko ta mai koyon rawar Bharatanatyam, inda iyali ke hayar babban zaure da makaɗa daga Chennai, sannan yarinya ta ajiye ƙararrawar ƙafarta daga ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shekarar ƙarshe ta aji ta zama ta shirin barin gida. Ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in Amurka da Ingila galibi sun hana kyandir da turaren wuta, na'urar gano hayaƙi na manne a rufi, kafur ɗaya ya isa ya fito da bene guda waje cikin sanyi. A koya wa mai tafiya yadda zai yi pujarsa da fitilar batir da ruwa da 'ya'yan itace a kan ɗan kantar littattafai. A nuna masa yadda ake duba panchang, kalandar wata da rana, bisa garin da yake, don ranar biki a Chicago kan sha bamban da ta Mumbai da yini guda. Ya iya dafa abinci uku na gidansu da tukunya ɗaya. Ya tafi da lambar wayar ƙungiyar ɗaliban Hindu ta jami'arsa, irin National Hindu Students' Forum a Birtaniya, da adireshin mandir mafi kusa, da lambar motar hayar da ke zuwa can ranar Lahadi.